Baba na son ta zama likita, ita kuma tarihi ne a ranta

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Ni mazaunin Zariya ne, ina ɗan kasuwancina a Sabon Gari, kuma tunda Babanmu ya yi ritaya ni ke biyan kuɗin makarantar ƙannena. Maganar a kan autarmu ce, shekararta 15, tana SS1 zango na biyu. Da ta gama JSS3 sakamakonta ya yi kyau sai makaranta kawai suka jefa ta ajin sayans ba wanda ya tambaye ta, Baba kuwa murna har yana gaya wa abokansa a masallaci zai samu likita ko nas a gida. To ita yarinyar wlh tarihi ne a ranta, tun tana ƙarama in kakarmu ta fara labarin sarakunan Zazzau ba ta tashi, yanzu kuma duk datar da na sa mata a waya a kan karance-karancen tarihi take ƙarewa. Zangon farko ta faɗi fiziks, kemistiri da ƙyar ta tsallake, kuma ta fara kukan ita a mayar da ita ajin at, wato na masu karatun adabi da zamantakewa. Na je makarantar aka ce min su ba su da malamin tarihi ma, darasin gwamnati kawai suke koyarwa a ajin at. Na ɗan taɓa wa Baba maganar ya ce tarihi ba ya ciyar da mutum kuma kar in sake in hure mata kunne. Mama ta yi shiru abinta. Ni dai na rasa yadda zan yi, in canza mata makaranta ne zuwa inda ake tarihi tunda ni ke biya, ko in lallashe ta ta haƙura? Kuma in ta koma at ɗin ba tarihi, zata iya karanta shi a jami'a?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka albarka ya buɗa kasuwa, dan ba kowane yaya ne zai bar shago ya taka har makaranta ya tambayi abin da ake koya wa ƙanwarsa ba, da yawa in sun tura kuɗin zango shikenan sun gama nasu. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe dan ita ce mai sauƙi kuma ina ga in ka ji amsarta rabin nauyin da ke kanka zai sauka. Eh zata iya. Jami'o'i da yawa a ƙasar nan suna karɓar darasin gwamnati a madadin tarihi ga mai neman digirin tarihi, a sakamakon WAEC ko NECO da kuma a JAMB, saboda su ma sun san halin da makarantun sakandare ke ciki. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar har da Turanci da tarihi ko gwamnati, sannan a JAMB ta rubuta Turanci wanda dole ne ga kowa, da tarihi ko gwamnati, da wasu darussa biyu daga ɓangaren at ko zamantakewa, irin su IRS wato darasin addinin Musulunci, Hausa, adabin Turanci, tattalin arziki ko jogarafi. Kowace jami'a tana da 'yan ƙa'idojinta a kai, suna nan a kundin bayanan kwasa-kwasai da JAMB ke sakawa a shafinta, kai da kanka zaka iya buɗewa a waya ka duba abin da ABU ta rubuta a ƙarƙashin tarihi, ka sake dubawa a shekarar da zata cika fom dan akan taɓa su. Saboda haka maganar kwashe yarinya daga makarantar da ta saba, da ƙawayenta da malamanta, a kai ta wata unguwa a ƙara maka kuɗin Keke Napep kullum, duk dan darasi ɗaya, ni ban ga dalili ba. Ajiye wannan a gefe.

Kuma kar ka ga laifin makarantar sosai a kan rashin malamin, abin ya fi ƙarfinsu. A manhajar da aka fito da ita a 2007 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin soshiyal stadis, a babbar sakandare kuma aka bar shi a matsayin na zaɓi. To yaron da bai taɓa haɗuwa da darasi ba tun daga firamare ta ina zai zaɓe shi a SS1? Ɗalibai suka ragu, makarantu suka daina ɗaukar malaman, masu shiga kwalejin ilimi su karanta shi suma suka ragu, sai darasin gwamnati ya cinye gurbin. Zamanin Buhari aka bada umarnin a dawo da shi, a 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar cewa tarihin Najeriya ya zama dole daga aji 1 na firamare har JSS3, a babbar sakandare kuma an haɗa shi da ilimin zama ɗan ƙasa a darasi guda. Amma sanarwa a Abuja daban, malami a gaban allo daban, shekara goma da ɗoriya ba a shuka ba kaga ba za a girba rana ɗaya ba.

Ainihin maganar taku ita ce sayans ko at, kuma a nan nake so ka natsu dan ƙofofin biyu ba faɗinsu ɗaya ba. Yaron da ya fara sayans zai iya komawa at a SS1, wani ma har farkon SS2 in ya dage, amma wanda ya bar fiziks da kemistiri shekara guda da wuya ya dawo ya kamo. Kuma likitanci da nas da harhaɗa magani duk hanyarsu ɗaya ce, kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, a JAMB ma waɗannan ukun na ƙarshe ne tare da Turanci, ba wani darasin da zai tsaya a madadinsu. Ma'ana ranar da ta fita ajin sayans burin Baba ya rufe ke nan, ba kamar nata burin ba da zai iya jira zango ɗaya ko biyu bai lalace ba. Shi ya sa ban goyi bayan a yi gaggawar cire ta a wannan satin saboda ta yi kuka ba. Amma kuma jiran yana da iyaka, kar a wuce ƙarshen SS1. Dalili shi ne makin da makaranta ke tarawa na gwaje-gwajen aji tun daga SS1 ana tura wa hukumar jarrabawa ne a kan darussan da yaro zai rubuta, sannan adabin Turanci yana da littattafan da aka ware waɗanda ake bi ɗaya bayan ɗaya tun daga farko, in ta shigo a makare zata tarar an gama wasu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuna da sauran wannan zangon da na uku, ya ishe ku.

Me za a yi a cikin wannan lokacin? A gano gaskiyar abu biyu. Na farko faɗuwar fiziks ɗin nan. Na koyar a sakandare shekaru kuma wlh zangon farko na SS1 yana kada yara masu ƙoƙari da yawa, dan tsallen daga besik sayans zuwa fiziks da kemistiri ba ƙarami bane, wani lokacin ma matsalar lissafi ce ta ɓoye a ciki, wani lokacin malamin ne ke gudu, wani lokacin kuma yarinya ce ta riga ta cire ranta ta daina buɗe littafin dan a ga ta faɗi a ƙyale ta. Ban ce haka ta yi ba, amma 'yan shekara 15 sun iya wannan dabarar, nima na yi makamanciyarta a kan ɗinki. Ka koma makarantar, zuwa da kai ya fi saƙo, ka nemi malamin fiziks da na lissafi da fom masta ɗinta ka tambaye su kai tsaye, ba ta ganewa ne ko ba ta yi ne? Ka karɓi takardun jarrabawarta ka duba, wadda ta yi ƙoƙari ta ɓata lissafi a tsakiya daban take da wadda ta bar shafi fari. In aljihu zai ɗauka a samo mata mai lesin na wata biyu, Zariya ba a rasa ɗaliban jami'a masu yin wannan da kuɗi kaɗan, Samaru cike take da su. Sai ku yi alkawari da ita, ta bada iya ƙarfinta tsakani da Allah zuwa ƙarshen zangon nan, kai kuma ka yi mata alkawarin in sakamako ya nuna ba hanyarta bace zaka tsaya mata a gaban Baba.

Na biyun shi ne wanda mutane ba sa son ji. Son labari daban, son karatun tarihi daban. Zama gaban kaka a ji yadda Sarauniya Amina ta yi yaƙi ta gina ganuwa akwai daɗi, kowa na so, amma tarihin WAEC da JAMB da na jami'a karatu ne mai yawa da rubutu mai tsawo da Turanci, a tambaye ka dalilai, ka jero hujja, ka auna maganar wannan da ta wancan. Manhajar ta taso tun daga tsofaffin al'ummomin Nok da Daima da Ife da Benin da Igbo Ukwu, ta bi ta ƙasashen Hausa da Kanem Borno da Oyo, jihadin 1804 da Daular Sakkwato, zuwan Turawa, haɗewar Arewa da Kudu a 1914, 'yancin kai a 1960, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har da sauran Afirka. Ba sarakunan Zazzau kaɗai bane, akwai wuraren da zata ji kamar tana tauna tsakuwa. To gwada ta, sai an gwada akan san na ƙwarai. Sayo mata littafin tsofaffin tambayoyin WAEC na tarihi da na gwamnati, ana samu a shagunan littattafai, ka ce ta zaɓi tambaya ɗaya duk sati ta karanta ta rubuta amsa shafi biyu da Turanci, a kai wa malamin gwamnati ko na Turanci na makarantarsu ya duba. Ko ka ba ta aikin gida na garinku, ta rubuto maka yadda aka yi Zazzau ta samu gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da kuma dalilin da ya sa sarautar Suleja ke jingine da Zazzau, wato yadda Sarki Makau ya bar birnin lokacin jihadi ya nufi kudu, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja na asali, wanda aka mayar Suleja da sabon babban birnin tarayya ya ɗauki sunan. Ta tambayi kaka, ta duba littafi, sannan ta gaya maka inda bakinsu ya zo ɗaya da inda suka saɓa. In ta dawo idonta na ƙyalli tana ce maka Yaya ai kaka ta ce kaza amma littafin ya ce kaza, to wannan 'yar tarihi ce ta gaske. In kuma sati biyu ta gaji ta ajiye, kun gane fiziks take gudu ba tarihi take bi ba, kuma wannan ma ba abin kunya bane, sai dai maganinsa daban.

Yanzu Baba. Dan Allah ƙanena cire kalmar nan ta "tunda ni ke biya" daga bakinka, kar ma ta kusanci kunnensa. Ka san abin da ke cin dattijon da ya yi ritaya ya koma ɗansa ke ɗaukar nauyin da a da nasa ne, ko bai faɗa ba yana ji, in ka canza wa 'yarsa aji ko makaranta a bayan idonsa ba maganar tarihi zai ji ba, zai ji an nuna masa ba shi da ta cewa a gidansa ne, kuma yarinyar ce zata kwana a ciki. Sannan maganarsa ba shirme bace. Mutumin da ya ga yadda fansho ke wahala, ya ga masu digiri suna yawo da fayil, in ya ce yana son 'yarsa ta riƙe sana'ar da ko ina ta je za a neme ta ai ƙauna ce. Gaskiya ne nas ta fi mai digirin tarihi saurin samun abin yi, ba zan ɓoye maka ba. Abin da Baba bai hango ba shi ne ba a shiga likitanci da fatan alheri, gurbin kaɗan ne masu nema dubbai, yaran da suka ci fiziks da kemistiri da kyau ma suna shan JAMB biyu uku, balle wadda ake jan ta da igiya. Abin da na fi tsoro shi ne a tilasta ta ta ƙare SS3 da D7 da E8 a darussan sayans, ba ta samu likitancin ba kuma ba ta da gwamnati ko adabi da zata nemi wani kwas da su, shekara uku da kuɗinka sun tafi an dawo ana neman rajistar jarrabawar 'yan waje. Na ga irin wannan ba ɗaya ba ba biyu ba.

Kuma in zaka yi masa magana kar ka ce masa tarihi, ce masa ajin at, dan ajin ya fi darasin faɗi nesa ba kusa ba. Daga nan ake zuwa lauya, ga tsangayar shari'a ta ABU nan a Kongo ba sai ta bar gari ba, daga nan ake zuwa aikin jarida, kimiyyar siyasa, hulɗar ƙasa da ƙasa, Turanci, Larabci, koyarwa. Shi ya sa in ta koma lallai lallai ta ɗauki adabin Turanci ta riƙe shi da kyau, dan yawancin jami'o'i suna neman kiredit ɗinsa ga mai son lauya, kuma kar ta yi wasa da lissafi wai dan ta bar sayans, zata rubuta shi dole kuma kwasa-kwasan zamantakewa da yawa suna nemansa. Uban da ya ce tarihi ba ya ciyarwa zai iya yin shiru ya yi tunani in aka ce masa barista. In kuma tarihin ne dai har ƙarshe, to ba a garin da za a raina shi take ba. Sashen tarihi na ABU tun kafa jami'ar a 1962 sunansa ya kai ko ina, nan Farfesa Abdullahi Smith ya yi aiki, shi ne kuma ya assasa cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a Kaduna a 1970, nan Dakta Yusufu Bala Usman ya koyar har rasuwarsa a 2005, kuma zai wuya a ce mutumin Zariya mai shekarun Baba bai san wannan sunan ba. Akwai koyarwa, wadda yanzu da aka dawo da darasin ake ƙarancin masu yinta, akwai gidajen adana kayan tarihi, akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, akwai aikin gwamnati. Ba kuɗi ne na a zo a gani ba, amma ba yunwa bace.

Kar ka tare shi kai kaɗai kuma kar ka tare shi yanzu. Bari sakamakon zangon nan ya fito, ka haɗa shi da takardun da ta rubuta da abin da malamai suka ce, gani ya kori ji. Kafin nan ka zauna da Mama ku biyu, shirun nan nata ba rashin ra'ayi bane, iyaye mata sun san lokacin da ake shigar da magana wajen maigida fiye da ni da kai, wataƙila ma ta fi kowa sanin abin da yarinyar ke faɗa in dare ya yi. In akwai wani kawu ko baffa ko aminin Baba da yake jin maganarsa, musamman wanda ya taɓa aikin koyarwa, a sa shi a ciki. Kuma ka roƙi Baba ya raka ka makarantar ya ji daga bakin malamai da kunnensa, ya zama shi ya yanke hukuncin ba kai ka kawo masa a yanke ba.

Akwai hanya ta uku da wasu ke bi, in Baba ya kafe ko kuma sakamakon ya nuna tana iya sayans ɗin in ta so. Ta zauna a sayans amma ta cike guraben zaɓinta da darussan at. WAEC ba ta wuce darussa 9, in aka cire na dole da fiziks da kemistiri da bayoloji abin da ke saura bai fi ɗaya ko biyu ba, to in makaranta ta yarda kuma jadawalin aji bai ci karo ba sai ta sa gwamnati a ciki, ta haɗa da IRS ko Hausa, daga baya in tana son ƙari ta rubuta tarihi ko adabi a jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO, tunda kwasa-kwasan at da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu. Malamin da ke kula da rajistar jarrabawa a makarantarsu shi zai gaya maka abin da zai yiwu a tsarin da ake kai yanzu, ka same shi tun kafin SS2. Amma in gaya maka ra'ayina, wannan kaya ne mai nauyi, na yarinyar da ke cin ɓangarorin biyu ne, ba na wadda fiziks ke kayarwa ba. In zango na biyu ya fito ta yi lesin ta yi iya yinta kuma har yanzu jan biro ne, ni dai da ƙanwata ce ajin at zan nema mata kafin a shiga SS2.

Ita kuma auta ka gaishe min da ita, ka ce Anti ta ce ta share hawaye ta ɗauko biro, kuka ba ya cikin abin da ake nunawa Baba. Wata Asabar in kasuwa ta yi sauƙi ka ɗauke ta ku shiga cikin birni ta Ƙofar Doka, ku tsaya a masallacin Juma'a na ƙofar fada ka ce ta binciko maka waye Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina shi da kuma zamanin wane sarki ne, ta rubuto shafi biyu. In sakamakon zangon ya fito ka turo min makin fiziks da kemistiri da lissafi da Turanci, tare da hoton wannan rubutun nata, ina so in karanta da kaina.